Ranar da Injin Wanki Ya Riƙe Rigar Baba

Abu uku na kusa yin asara a ranar nan: babbar rigar mahaifinmu, ƙofar injin wankina, da 'yar gaisuwar da ke tsakanina da Yayana. Ƙofa ana sayo wata ko da an sha wahala. Gaisuwa kuwa mun saba ɓatawa mu shirya tun muna yara. Rigar ce ba ta da ta biyu. Fara ce, saƙin hannu, aikin zare ya cika mata ƙirji, kuma tun da Baba ya rasu take wurin Yaya a matsayinsa na babba. Ba ya sa ta sai da dalili. Dalilin kuwa ya zo, don washegari da safe za a raɗa sunan jikan Yaya na fari a Toranke, inda yake zaune.

Ni dilan wake da riɗi ne a Gaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba a taɓa sayar mini da buhun da aka cusa wa ƙasa a gindi ba. Injin a birni na sayo shi, na hannu, irin mai ƙofar gilashi a gaba, bayan da maiɗakina ta fara ciwon baya. Ina da burtsatse da tanki, ina da sola, ban ga abin da zai sa ta ci gaba da durƙusawa gaban baho ba. Ranar da aka sauke shi daga mota mutanen layinmu sun sami abin hira. Cikin masu dariyar babu wanda ya kai Yaya. Da ya zo ya gan shi sai ya zagaye shi, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya ce ya ga akwatin ragwaye, saura in sayo wanda zai tauna mana tuwo. Ya kai labarin Toranke, daga can ya bazu har Gafasa, inda wani manomi da nake sayen wake a hannunsa ya tambaye ni ko gaskiya ne ina da ƙarfe mai yi wa matata aiki.

To wannan Yayan ne ya iso gidana da hantsi ranar jajiberin suna, ya shigo gari sayen goro da alawa, da rigar Baba a naɗe cikin leda. Ya biya wurin mai wanki an ce masa sai jibi. Bai ce yana son a sa ta a inji ba, girma ba zai bar shi ba. Cewa ya yi tunda ga abin nan a ajiye yana cin wuri, a gwada shi mu gani ko ya iya wani abu. Ya miƙa wa maiɗakina ledar, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

Maiɗakina mace ce mai tsari. Kafin ta sa kaya a inji sai ta laluba kowane aljihu, nawa da na yara, ta fitar da tsinken sakace, da canji, da ƙusa. Amma Yaya wan miji ne, kunyarsa take ji kamar ta suruki. Ko sunansa ba ta faɗa. Ba za ta zura hannu a aljihunsa ba ko a bayan idonsa, balle yana zaune a kan tabarma yana kallonta. Ta warware rigar, ta sa ta kamar yadda take, ta zuba sabulu, ta danna. Wannan ban san shi ba sai daga baya.

Mun ci abinci, mun yi azahar, muna zaune a zaure Yaya yana ba ni labarin tsadar rago, sai ta aiko in shigo. Injin ya tsaya. Ruwa ya kai rabin gilashi, rigar na kwance a ciki, ɗan allon da ke fuskarsa yana ƙyafta harafin E da wata lamba, yana ƙara tit-tit kamar motar da ke ja da baya. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na kashe na kunna, ya yi gunji daga can ƙasa, ya sake tsayawa, ya sake nuna lambar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan ya fara sauya kala, ya yi ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba.

Yaya ya biyo ni. Ya sunkuya ya leƙa, ya ga rigar ubansa ta gilashi, ya miƙe a hankali.

"Buɗe mini," ya ce.

Na ce ba ya buɗuwa muddin da ruwa a ciki, haka aka yi shi don kada ya malale wa mutane ɗaki. Ya ce shi bai tambaye ni yadda aka yi shi ba. Ya waiwaya yana neman abin duka, idonsa ya sauka kan taɓaryar da ke jingine da turmi. Na shiga tsakaninsa da taɓaryar. Na ce in ya fasa gilashin nan, rigar da ke manne da shi ita za ta fara shan tsaga, kuma saƙin da ya girme mu duka ba zai ɗauki ɗinki ba. Wannan ya shiga kunnensa. Ya ce ya ba ni zuwa la'asar, in ba ta fito ba shi ya san yadda zai fito da ita.

Na kira wanda ya sayar mini da injin. Mutumin da ranar ciniki har lemo ya saya mini, yau sai da ya tambaye ni wane Alhajin. Na karanta masa lambar. Ya ce wannan ruwa ne ba ya fita, in ɗoro injin a mota in kawo birni. Na ce da ruwan da rigar a ciki? Ya ce to in jira yaronsa ya dawo daga tafiya. Na kashe wayar. Abu ɗaya na amfana da shi, kuma ba da niyya ya ba ni ba: ruwa ne ba ya fita.

Kafin in juya, wani maƙwabci mai son a sani ya riga ya ɗauko mana mai gyaran janareta na bakin tasha, wanda ake kira Injiniya. Babu wanda ya ba shi sunan, shi ya rubuta abinsa a jikin shago. Ya shigo da jakar sifanu, hannu duk baƙin mai, ya tsaya gaban injin ya riƙe ƙugu. Bai taɓa shi ba, bai saurare shi ba. Ya dubi lambar ya girgiza kai kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Alhaji, bod ne. Ƙwaƙwalwar ta ƙone. Solar nan taku ita ke kashe su."

Na tambaye shi, ƙwaƙwalwar da ta ƙone ita ce ke rubuta lamba tana kiran mutane? Ya ce ai haka suke yi in za su mutu. Maganinsa shi ne ya kwance bayan injin, ya ciro bod ɗin, ya aika birni a nemo irinsa. Na ce riga fa? Ya ce a ba shi sukundireba babba ya ɓanɓare ƙofar, roba ce kawai za ta tsage. Kawai. Mutumin da ya taɓa mayar mini da janareta da ragowar noti a leda, ya ce kamfani ne suka sa su da yawa. Yaya kuwa tuni ya sami abokin shawara, yana gyaɗa kai yana cewa ga mai sana'a ya faɗa. Maƙwabcin nan ma ya tsoma baki, wai irin waɗannan kayan ba su jure idon mutane, da na sa an yi masa tofi tun ranar da ya zo. Shi da ya fi kowa kallonsa a ranar.

Na ce kowa ya matsa. Ni ban san bod ba, amma na san buhu. In ka kife buhu hatsi ya ƙi zuba, ba ka cewa buhun ya mutu, bakinsa kake dubawa. Na sake kunna injin na kara kunnena a ƙasansa. Famfon da ke tura ruwa waje yana da rai, yana gurnani irin na injin niƙa da aka ɗura wa jiƙaƙƙen hatsi fiye da ƙima. Abu ne ya shaƙe shi. Na zare wayar injin daga soket, don ba ni da niyyar a haɗa suna da jana'iza. Na ja injin gaba, na bi tiyon da ke fitar da ruwa tun daga gindinsa har kwata. Bai lanƙwashe ba. Na ciro bakinsa na duba, babu komai. Saura wuri ɗaya. A ƙasa ta gaba, gefen dama, akwai wani ɗan murfi mai kusurwa huɗu wanda tun da na sayi injin ban taɓa kula shi ba. Na sa bakin cokali na ɓalle shi. A ciki ga wani murfin zagayayye na murɗawa.

Injiniya ya ce kada in taɓa, nan ne wurin gas. Injin wanki, gas.

Na ce wa maiɗakina ta kawo babban tire da tsummoki da bokiti. Na ɗan murɗa kaɗan, ruwa ya tsarto, ja, mai ɗumi. Tire ya cika na ɗaure, ta juye a bokiti, na sake sassautawa. Haka muka yi ta yi, ni a gurfane kan siminti da wandon shadda, manyan masana uku na tsaye a kaina babu wanda ya miƙo ko tsumma. Da ruwan ya ja baya sai na kwance murfin gaba ɗaya na zaro shi. Wata 'yar rariya ce a jikinsa, kuma ba a ganin ramukanta. Wake ne ya cushe ta. Ya jiƙu ya kumbura, wani ya sale ɓawo, wani ya dame. Na zura yatsa cikin ramin na yi ta kwasowa, har da ɓarin jan goro biyu da suka yi laushi. Daga nan ruwan ya samo kalarsa.

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na murza. Wake sana'ata ce. Wannan ba na shagona ba ne, ba kuma na tukunyar gidana ba. Ƙanana ne masu baƙin hanci, irin mai saurin nuna da mutanen Kademi suka fara shukawa a 'yan shekarun nan, wanda ba su cika kai shi kasuwa ba, sai dai su ɗibar wa aboki ya je ya gwada. Na kuma san wanda ya je ta'aziyya Kademi sanye da rigar Baba kafin damina.

Na ɗaga kai na dubi Yaya. Shi ma waken yake kallo. Hannunsa ya tafi ƙirjinsa, daidai inda aljihun babbar riga yake, ya shafa, ya sauke. Maiɗakina ta ɗauki bokiti ta shige ciki da sauri, don kada a ce a gabanta aka gane.

 Ƙane ba ya cewa wansa kai ne, balle gaban baƙi. Na wanke rariyar, na juya 'yar farfelar da ke cikin ramin da yatsa na ji tana yawo, na mayar na ɗaure tam. Na sa wuta, na murɗa zuwa matsewa. Famfo ya ja sauran ruwan ya watsa a kwata, gangar da rigar ke ciki ta juya, ta tsaya, ƙofa ta ce ƙas. Ba a kira la'asar ba tukuna.

Injiniya ya ce dama abin da yake shirin dubawa ke nan bayan bod. Ya tsaya yana sosa ƙeya, wai a ba shi na mai. Na ce da ƙafa na ga ya zo. Na ba shi ruwan sanyi ya sha, na raka shi zaure shi da mai tofi.

Yaya ya karɓi rigar ya baza ta a rana yana bin ta da ido. Ba ta yage ba, zare ko ɗaya bai tashi ba. Amma goro ya yi aikinsa. A ƙasan aljihu akwai tabo ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu. Maiɗakina ta bi shi da lemon tsami da sabulu, da hannunta, a baho, a durƙushe. Ya dushe, bai fita ba. Yaya yana zaune yana kallo ya ce ai ga shi nan, ƙarshe dai hannu aka koma. Sannan ya juyo gare ni.

"Irin nan da wuya na same shi. Injinka ya lalata mini iri."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, Yaya. Ya ce a zuba masa abin da ya rage a leda, ko awaki sa ci. Aka zuba masa.

Rigar ta bushe kafin magariba, aka goge ta, ya ɗaura a bayan babur ya tafi. Washegari na je Toranke. Yana zaune a tsakiyar tabarma cikin rigar Baba, ya naɗo hannun rigar na hagu ya sauke shi a kan aljihu, ya riƙe shi haka har aka shafa fatiha. Ina jin sa yana gaya wa mutanen gefensa cewa inji ya kama masa riga jiya, da ba don ya tsaya a kai ba da yanzu tana birni. Suka yi ta jinjina masa. Wani ya juyo ya ce mini in yi hankali da kayan zamani.

Da na dawo gida na zauna na yi lissafi kamar yadda nake yi bayan kowace kasuwa. Riga ta fita, da tabon da zai zauna a jikinta har ta ƙare. Ƙofa tana nan, bod yana nan. Gaisuwa tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Yaya ya rasa irin da dama ya manta da shi, daminar ma ta wuce. Ni na san inda rariya take, duk wata ina kwance ta in wanke. Na kuma sa doka a gidana cewa duk wanda ya kawo wanki, ko waye, shi zai zazzage aljihunsa a gabana. Asarar da ban mayar ba ita ce ta suna: daga Toranke har Gafasa, har yau ni ne mutumin da injinsa ya ɓata rigar ubansa.