Ɗakin Samari a Kalgo

Ni ɗan Gwandu ne, aikin koyarwa ya kai ni Kalgo tun ina saurayi. A bayan makarantarmu akwai wani ɗaki da hukuma ta ware wa matasa, aka ɗora ni a kansa saboda ba ni da iyali tukuna. Kayan ciki ba su taka kara sun karya ba: ƙwallo, dara, rediyo mai batir da benci. Bayan la'asar samari kan taru, manoma da masunta, a yi ta hira har magariba.

A cikinsu akwai wani ɗan masunta daga wajen Diggi. Kwalekwale ya kife da shi da wansa a tsakiyar damina, shi ya fito, wan bai fito ba. Tun daga nan ya daina magana, ya daina zuwa gulbi. Abokansa ne suka riƙa janyo shi ɗakin. Yakan zauna a bakin ƙofa yana kallon masu dara. Ban san wata dabara ba, sai dai in gaishe shi in ƙyale shi. Sai bayan kaka ya fara nuna wa mai wasa kuskurensa da yatsa, daga baya da baki. Ranar da ya yi dariya, kowa ya yi kamar bai ji ba, don kada ya ji kunya.

Bayan an yi mana sabuwar jiha, aka turo wani jami'i ya duba amfanin irin waɗannan wurare. Mutumin kirki ne, ya sha furarmu, ya saurare ni. Ya tambaye ni samari nawa suka koyi sana'a, nawa suka sami aiki. Na ce babu. Sai na ba shi labarin ɗan masuntan.

"Malam, na yarda da kai," in ji shi. "To amma in na koma, me zan ce wa waɗanda suka turo ni? Wani ya yi dariya?"

Sai na sa aka kira saurayin. Ya gaishe da baƙo, ya sunkuyar da kai. Da aka tambaye shi amfanin ɗakin, sai ya ce, "Nan muke zama, ranka ya daɗe."

Kafin wata daminar aka mai da ɗakin wurin ajiye takin zamani. Na yi ta bin ofisoshi, kowa ya ba ni haƙuri. Samarin suka watse, wasu tasha, wasu cin rani. Ni ma aka mai da ni Gwandu.

Bayan wasu shekaru na haɗu da mahaifiyar ɗan masuntan a kasuwar Kalgo tana sayar da busasshen kifi. Ta ce ya tafi Kudu, ba aike ba labari. Ta roƙe ni in cigita mata, tunda mu masu boko mun san mutane. Na ce mata to, Inna. Ban san kowa a can ba.