Hoton da Aka Ce Zugu Ce

Akwai wata Talata a daminar 2018 da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina malamin kwamfuta a wata sakandare a Gummi, da ɗakina cike da kwamfutoci, amma rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

An fita tara ke nan Malam Sani mai koyar da lissafi ya shigo ko sallama babu, ya miƙo mini wayarsa. Mutumin da ba ya gaggawa ko a layin abinci, ranar ko zama bai yi ba. A zauren waya na 'yan garinsu aka turo hoto: gidaje sun ƙone ƙurmus, an rubuta wai Zugu ce, da safiyar nan. Mahaifiyarsa tana Zugu, kuma can waya ba ta shiga sai an hau tudu.

"Makullin mashin ɗinka nika so," ya ce. "Tahiya zan yi in ga Inna."

Ya ba ni tausayi matuƙa. Amma duk wanda ya san hanyar a shekarun can ya san ba a hawanta da ka saboda 'yan bindiga. In labarin gaskiya ne, cikin wutar zai faɗa. In ƙarya ne, ya sayi haɗari a banza. Na ce ya ba ni ɗan lokaci, in ban samo komai ba ni da kaina zan goya shi.

Ku da kuka zo bayanmu, ga yadda ake yi. Na fara rubuta sunan garin a shafin bincike. Shafuka da yawa suka fito da labarin, Malam Sani ya sake neman makullin. Na ce ya karanta su a tsanake. Kalmominsu iri ɗaya ne, har kuskuren rubutun. Baki ɗaya ne ya faɗa, sauran suka kwafa. Na koma ɓangaren labaran jaridu, na taƙaita binciken ga ranar kaɗai, babu wata kafa mai suna da ta ɗauka. Sannan na ɗora hoton kansa a shafin da ke neman hoto da hoto. Sai ga shi ya fito a wata jaridar wata ƙasa, tun shekarun baya.

Na ƙara girman hoton. "Malam, yaushe kuka fara noman ayaba a Zugu ba ka ɗanɗana mini ba?"

Ya ƙura wa bishiyoyin ido, ya sauke ajiyar zuciya. Can ya ce, "To, hoton ƙarya na. Amma bai ce Inna lahiya take ba."

Gaskiyarsa, kuma nan ne iyakar kwamfuta. Muka nemi izini wajen mataimakin shugaban makaranta, muka tafi tasha. Shugaban 'yan kabu-kabu ya haɗa mu da wani da ya baro Zugu da hantsi. Ya ce lafiya lau ya baro gari, mutane na gona. Mutumin ya kira ɗan'uwansa da ke kusa da garin, aka kai wa tsohuwa waya bisa tudu.

Muna tsaye kiran ya shigo. Ina jin muryarta daga inda nake: "Sani, mi ya hwaru? Ko kai na ba lahiya?" Malam Sani ya juya mana baya yana share ido da bakin hula.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, tsoro ba ya duba hoto, kuma yawan shafuka ba shi ne yawan shaidu ba. Kowane shafin bincike da tambayar da yake iya amsawa, wata tambayar kuwa sai mutum mai rai. Tun daga ranar, in aka turo irin wannan a zaurensu, Malam Sani ne ke fara rubuta, "Ku dakata in duba."