Gurbin Matar Malamin Gona

A Yasore, a shekarun da Turawa ke ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, in an kai gero gida mu mata mukan yi sussuka gida-gida. Yau a namu, gobe a na maƙwabta. Turmi uku, taɓare shida, ga waƙa. Ban taɓa ganin an zaunar da mace ana koya mata waƙar nan ba. Tun kina goye kike jin ta a bayan uwarki, ranar da kika iya ɗaga taɓarya sai ki tarar da ita a bakinki. Akwai amshi na kowa da kowa, sannan akwai gurbi, inda kowace mace ke faɗin nata in layi ya zo kanta.

Ina shekara ta uku a gidan miji hukumar En'e ta turo mana malamin gona, ya zo da amaryarsa, 'yar birnin Katsina wadda ta yi boko. Kullum yana bisa keke tsakanin Batsari da Safana, ita kuwa tana gida ita kaɗai, ba uwa ba dangi. Tana son shiga cikinmu, ko makaho ya san haka.

Ranar da ta fara zuwa, maimakon ta kama taɓarya, sai ta rakuɓe a gindin rumbu da fensir da takarda, tana rubuta duk abin da ya fito daga bakin surukata, wadda ke ba mu waƙa. Ni dai abin ya ba ni haushi. Muna zufa, ƙaiƙayi na cinmu, ita tana zane-zane kamar mai ƙidayar shanu.

Surukata kuwa autanta na can wurin yaƙi, shekara biyu ba labari. In gurbinta ya zo abu ɗaya take faɗi: "Autana ya tafi da ƙafa biyu, Allah maido shi da ƙafa biyu."

Kwana uku baƙuwar nan tana haddar takardarta. A na huɗu ta ɗaura zane a ƙirji ta shigo turmina. Amshi dai ta yi shi daidai. Da gurbinta ya zo, sai ta ɗaga murya tana murmushi: "Autana ya tafi da ƙafa biyu…"

Taɓare suka tsaya cak. Ni da ma bakina ba ya da linzami.

"Ke, wane auta gare ki? Ko goyo kin taɓa yi? An ce miki kukan mutane abin kwafewa ne?"

Ta jingine taɓarya, ta hau laluben mayafinta, idanunta sun ciko. Na san in ta fita daga zauren nan ba za ta ƙara dawowa ba.

Surukata ta dube ni ta ce, "Kama bakinki. Shekara biyu ni kaɗai nake kiransa, yau na samu mai taya ni." Ta juya ga baƙuwar. "Zo nan, ɗiyata. Amshi na kowa ne. Gurbin nan kuwa, abin da ke cikinki za ki zuba."

"Inna, ban san abin da zan ce ba."

"To yi shiru ki yi ta daka. Taɓarya ta riƙe miki wurin."

Haka aka yi. Gida bakwai muka zaga, duk sanda layi ya zo kanta sai mu yi shiru, ba ka jin komai sai dukan turmi, har gurbin ya wuce mu ɗauki amshi. Sau da yawa bakina ya yi ƙaiƙayi in cike mata, sai in haɗa ido da surukata in haɗiye. Takardar kuwa ban ƙara ganinta ba, sai dai kanta da ya fara bin taɓarya, tafinta kuma ya yi kanta.

Ranar sussukar ƙarshe, a gidanmu, gurbinta ya zo, mun yi shiru kamar kullum. Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa: "Birni da nisa, uwata da nisa, ga Inna kusa." Ta ɗaga taɓarya, ta nuna ni da haɓa: "Mai faɗan nan ma yayata ce."

Guɗa ta tashi, surukata na dariya tana share ido da bakin zane. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba.

Gurbin da ke biye nawa ne. Ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, ranar sai na bar taɓarya ta riƙe mini wurin. Ba wadda ta cike mini. Suka yi shiru su duka, har da ita, muka yi ta daka.