Bargon da Lorna Ta Ƙi Gamawa

Shekara talatin Lorna Dykstra ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ɗan gari a jihar Wisconsin ta Amurka, ba ta taɓa makara ba. Da ta yi ritaya ta koma ɗinkin bargon ƙyallaye, irin wanda ake ba jika idan ya gama karatu. A nan makara ta kama ta.

Ranar da jikarta Corinne ta shiga jami'a, Lorna ta yayyanka tsofaffin rigunan yarinyar ta fara haɗawa. Shekara huɗu ke nan. Kusurwa biyu su saɓa da faɗin gashi, sai ta warware aikin mako guda. Matan cocinsu, masu taruwa kowace Laraba su shimfiɗa bargo a katako su ɗinke shi tare, sun yi tayin taimako har sun gaji. Ta ce ɗinkinsu tafiyar mashayi ce.

A watan Afrilu ɓarin jikinta ya shanye. Corinne ce ta tsince ta yashe a kicin, kuma har yau gabanta na faɗuwa idan gidan ya yi shiru. Lorna ta miƙe, amma hannun dama ya riƙa rawa.

Corinne ta samu aiki a jihar Oregon mai nisa. Saura kwana huɗu ta tafi, ta tarar da kakarta tana warwara.

"Tsohuwa, me wannan layin kuma ya yi miki?"

"Ya karkace."

"Ke ma kin karkace, wa ya warware ki?"

Lorna ta harare ta. Corinne ta ce da an rasa ta ranar da ta faɗi a kicin, da kwalin tsummoki za ta gada. Asabar za ta kama hanya, da bargo ko da tsummoki.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannunta. Can ta ce a kira matan cocin, amma kada a bar ɗayarsu, Doreen, ta taɓa tsakiyar bargon.

Su shida suka zo. Lorna na zagaya su da sanda tana tsaki, ba wadda ta kula ta. Doreen ma tsakiyar ta zauna. Ranar Juma'a suka gama.

Da safiyar Asabar Corinne ta jefa bargon a mota. Lorna ta leƙo ta taga tana nuna wata kusurwa.

"Ki dawo min da shi da Kirsimeti in gyara."

"Ni zan dawo. Shi kam ya tafi ke nan."