Abincin da na kai wa Hajiya ɗaki a jirgin ruwa

Ina riƙe da tiren shinkafa da kifi, zan fita daga wurin cin abinci in nufi ɗakinmu, sai na ji Hausa a bayana: "Haba Alhaji! Har nan ma?"

A jirgin ruwan yawon shaƙatawa ne. Ɗiyarmu da ke aikin jinya a waje ce ta matsa sai ni da uwarta mun huta da hidimar albasar Aliero. Tun da jirgin ya tashi jiri ya kwantar da Hajiya.

Na juya da murnar ganin ɗan gida. Matashi ne cikin kwat, wai mutumin Jega.

Ya rage murya ya ce, "Nan ba gidan biki ba ne. A nan ake ci a tashi. Irin wanga ke sa Turawa su raina mu."

Na ce, "Yaro, ka tambaye ni wa zan kai ma? Matata ce kwance, tun jiya ba ta sa komai a ciki ba. Mi zan ce mata? Ta yi haƙuri da yunwa kada Bature ya gan ni da kwano?"

Ko "Allah ya ba ta lafiya" bai ce ba. Ya gyara kwat ya wuce.

Cikin ma'aikatan jirgin babu wanda ya hana ni. Hajiya ta ci rabi ta samu barci. Ni kuwa takaici ya hana ni taɓa nawa.

Don Allah ku gaya mini, yaushe kai wa mara lafiya abinci ya zama abin kunya?