Gaisuwar da Ban Yi Maka Ba, Alhaji Jamilu

Ranar Laraba, 11 ga Nuwamba, 1998, Allah ya karɓi ran Alhaji Jamiluddeen Mai Citta na Kafanchan, a wani asibitin zuciya da ke Alƙahira. A can aka yi masa sutura, a can aka binne shi. Ni Leonard Asher, tsohon akawun reluwe, ni na raka shi, kuma ni kaɗai na dawo. Tun daga farko zan faɗi abin da ke cina: autarsa Kubra ta riga shi rasuwa muna can, na sani, ya tafi ban gaya masa ba.

Alhaji, bari in yi maka magana yadda muka saba. A shagon kaya na tashar jirgi muka san juna, kana kawo busasshiyar citta daga Kachia ana loda wa tarago zuwa Ikko. Kai ka laƙaba mini Mai Jirgi, alhali ko ƙahon jirgi ban taɓa busawa ba. Sunan ya bi ni har cikin majami'a.

Shekarar da naƙuda ta zo wa matata Lucia da gardama a Madakiya, ana tsakiyar damina, motarka na cike da kaya. Ka sa aka sauke buhunan a bakin hanya, aka shimfiɗa mata katifa a cikin motar, aka nufi asibiti da ita. Kowa ya san abin da ruwa ke yi wa busasshiyar citta. Da na ɗauko zancen daga baya ka ce, "Kai dai Mai Jirgi ka cika surutu." A 1987 kuma, da gari ya rikice, maƙwabci na tsoron maƙwabci, ka tako da ƙafa har ƙofar gidana, ka zauna a benci, ka ce a ba ka ruwa ka sha. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka sha ruwanka a idon jama'a, ka tashi ka tafi.

Akwai halinka guda da mutane ba su so. A ƙasarmu in mutum ya rasu, ba a faɗa wa nasa kai tsaye, sai a ce jiki ya yi tsanani, a zo gida. Kai ba ka yin haka. Ranar da mahaifina ya rasu, ka shigo ofis ka ce, "Baba ya cika da safen nan, sai haƙuri." 'Yan'uwana suka ce ba ka da tausayi. Ka ce musu labarin mutuwar ɗan'uwa haƙƙin mutum ne, ba a riƙe wa mutum haƙƙinsa. A lokacin na ji zafinka, daga baya na gode maka.

Amma fa ga tsoron allura! Ƙato kamar kai, mai ɗaga buhu da hannu ɗaya, in ka ga malamar asibiti ta ɗauko sirinji sai gumi ya karyo maka. Shekara da shekaru ina tsokanarka da wannan, ban san wata rana zai zame mana abin kuka ba.

Da ciwon ƙirjinka ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likitoci suka ce sai waje. Babban ɗanka Zubair ya tsaya kan harkar gida, ni na bi ka don in yi maka tafinta. A can aka bayyana mana aikin: za a zura siririn bututu ta jijiyar jini har zuciya, a ga inda ya toshe. Yawanci ta cinya ake bi, amma ciwon sukari ya lalata jijiyoyin ƙafarka, sai ta wuyan hannu. Likitan ya ce jijiyar nan ƙarama ce kuma mai saurin fushi. Sanyi, zafin ciwo ko fargaba na sa ta tsuke ta damƙe bututun, ba gaba ba baya.

Haka kuwa aka yi a gwajin farko. Kana ganin kayan aiki jikinka ya ɗauki rawa, jijiyar ta tsuke, ka yi ƙarar da ban taɓa jin ka yi ba. Da ƙyar suka zare bututun, aka ɗaga aikin.

Kafin ranar gwaji na biyu Zubair ya bugo tarho masaukinmu. Ya ce, "Baba Leonard, Kubra ta haihu, mace. 'Yar tana nan, uwar ba ta tashi ba. Don Allah kada ka gaya masa sai an gama." Na je na sami likitan da maganar. Ya ce hannun hagu kaɗai ya rage mana, in wannan ma ta tsuke, ba su da wata hanya mai sauƙi.

Wannan karon sun shirya sosai. Suka ɗumama maka hannu, suka ba ka maganin kwantar da hankali, suka zuba wani a jijiyar don ta saki. Ni kuma suka sa mini wata riga mai nauyin tsiya ta kariya daga hasken na'urar hoto, suka zaunar da ni dab da kanka. Likitan ya ce in yi ta yi maka hirar abin da ka fi so, kada in yi shiru. Na fara da farashin citta, ba ka ko saurare ni ba. Idonka na kan rufi, haƙoranka a datse. Can ka ce, "Mai Jirgi, an ji labarin Kubra?"

Na ce, "Alhaji, albishirinka. Ta sauka, an sami mace."

Ka ce, "Alhamdu lillahi! Ita fa, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ina kallo kafaɗunka suka sauka, yatsunka suka buɗe. Likitan ya ɗaga mini kai, wai in ci gaba. Na ci gaba, Alhaji. Na ce ta ci abinci, na ce tana gaishe ka. Kana murmushi ka ce a sa wa yarinyar Sadiya, sunan mahaifiyarka. Bututun ya wuce har zuciya ba ka ko sani ba. Da aka gama ma'aikatan suka yi ta yaba mini, ni kuwa na fita na jingina da bango ina kuka.

Na yi niyyar gaya maka washegari. Sai hoton ya nuna hanyoyin jinin sun toshe da yawa, dole a buɗe ƙirji, zuciyar kuma ta raunana. Na ce to, bayan tiyata. Ka ce a buga maka Kubra, na ce ai ka san halin layin Najeriya. Ka aike ni kasuwa in sayo mata mayafi da turare, na je na sayo, ka ce ban iya zaɓe ba. Kana cikin wannan tsokanar, ana saura kaɗan a yi tiyatar, zuciyar ta tsaya da hantsi.

Limamin unguwarku ya ce mini ba ni da laifi, ceton rai na yi nufi. Fastonmu ma haka ya ce. Na gode musu, amma ba su san ka kamar yadda na san ka ba. Ƙaryar farko ta ɗakin aiki ce, wataƙila Ubangiji zai duba ta da rahama. Sauran fa? Tsoro ne kawai ya hana ni, ba likita ba. Kai da ba a yin jana'iza a Kafanchan ba tare da ka je ba, ka bar duniya ba ka ce wa 'yarka "Allah ya jiƙanki" ko sau ɗaya ba, kuma ni na hana ka. Kunya nake ji, Alhaji, kuma ina neman gafararka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Asibi, wadda ta rasa miji da 'ya a wata guda, ga Zubair da ƙannensa, ga mijin Kubra, da dukan 'yan kasuwar citta daga Kafanchan har Kachia. Allah ya ba ku juriya. Allah ya raya Sadiya, don sunan da kakanta ya zaɓa shi aka raɗa mata. Allah ya jiƙan Alhaji Jamilu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Saura gaisuwa ɗaya, taka ce. Alhaji, Kubra ta rasu wajen haihuwa. An yi mata salla a ƙofar gidanka, jama'a sun taru sosai, an kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta. Ya haƙuri, abokina?