Adireshin Asibitin Garinsu

Nazira na zaune a bencin ƙaramin asibitin ƙauyensu, kusa da Kunci, idonta a kan baƙon da ke durƙushe gaban akwatin wayoyi. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, hularsa irin ta mutanen Borno duk ta koɗe. Ta ji ana kiransa Malam Jaji. Yana raba wa kwamfutocin asibitin sababbin adireshi, dogayen nan na sabon tsarin intanet, waɗanda iyakarsu cikin gida, ba sa fita waje.

Duk kwamfutar da ya bai wa nata, sai ya shafa bayanta kamar mai sallamar yaro. Nazira na ayyanawa a ranta ko ya baro 'ya'ya a wani wuri.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙa allon kwamfutarsa. "Malam, waɗannan adireshin da ka ware fa? Ai namu sun ƙare."

"Na asibitin garinmu ne, Hajiya. Ranar da aka sake gina shi aka haɗa da naku, ba za su yi karo ba."

"An fara ginin ne?"

Yana naɗe waya a hankali, bai ɗago ba. "Ko hanyar garin ba a buɗe ba tukuna."